Lissafi da Zahiri: Yadda Ake Gwada Kwaikwayon Injin Iska

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata matsala da ta daɗe tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya, watau yadda za a gane ko lissafin da kwamfuta ta yi game da injin iska gaskiya ne, ko kuwa zato ne kawai da aka yi wa ado da alƙaluma. Abin da muke nufi da injin iska shi ne dogon turken nan na ƙarfe mai ɗauke da fanka a ƙololuwarsa, wadda iska ke juyawa, ita kuma ta juya janareto, a sami wutar lantarki. Kafin a ƙera irin wannan inji sai an fara gina shi a cikin kwamfuta, a kaɗa masa iskar lissafi, a ga wutar da zai bayar da kuma wahalar da fikafikansa za su sha. Wannan aiki shi ne za mu riƙa kira kwaikwayo. Daga cikin manhajojin da aka sani da yin sa akwai OpenFAST ta Amurka, da HAWC2 ta Denmak, da Bladed wadda aka fara a Ingila.

Dalilin dogara ga kwaikwayo a fili yake. Ana tsara injin iska ne don ya yi aƙalla shekara 20 yana aiki, kuma ƙa'idojin duniya sun ce dole ya jure irin guguwar da ake sa ran zuwanta sau ɗaya a shekara 50. Babu kamfanin da zai kafa inji ya zauna jiran wannan guguwa kafin ya sayar da na biyu. Haka kuma bankin da zai ba da bashin gina gonar injuna yana duban wutar da aka lissafa za a samu ne, tun ba a haƙa ramin turke ko ɗaya ba. Idan lissafin ya raina nauyin da ke kan fiffike, fiffike ya karye; idan kuwa ya zuzuta shi, an yi asarar ƙarfe da kuɗi a banza. To, ta yaya za a san lissafin ya faɗa daidai? Hausawa sun ce gani ya kori ji, saboda haka hanya ɗaya ce, a kafa inji na gaske, a auna, a kwatanta. Sai dai za mu ga cewa wannan kwatantawa ba ta da sauƙi kamar yadda faɗarta take.

Abin da kwamfuta ke lissafawa

Tushen lissafin tsoho ne, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ƙarfin da ke cikin iska ya dogara ga abu uku: nauyin iskar, da faɗin filin da fanka ke sharewa, da gudun iskar. Gudun shi ne babba, domin ana buga shi da kansa har sau 3, watau idan iska ta ninka gudunta sau 2, ƙarfinta ya ninka sau 8. A shekarar 1920 wani Bajamushe mai suna Albert Betz ya nuna cewa babu fankar da za ta iya kwashe fiye da kashi 16 cikin 27 na wannan ƙarfi, kimanin kashi 59 cikin 100 ke nan, domin in an tare iskar duka to ta tsaya, ba wadda za ta biyo baya ta wuce.

Hanyar da yawancin manhajojin tsara inji ke bi har yau ita ce wadda Hermann Glauert ya daidaita a 1935 don farfelar jirgin sama. Ana yanka fiffike a cikin lissafi gunduwa-gunduwa, daga gindi zuwa tsini. Kowace gunduwa sai a tambaya: da wane gudu iska ke iso mata, kuma ta wace kusurwa? Daga nan a duba wani jadawali da aka riga aka samo ta wurin gwada yankin fiffike mai wannan siffa shi kaɗai, a tsaye cik, a ga ƙarfin ɗagawa da ƙarfin turjiya da wannan kusurwa ke bayarwa. Sa'an nan a lissafa yadda fankar kanta ke rage gudun iskar da ke ratsa ta, a maimaita har lissafin biyu su yi jituwa, a tara na dukkan gunduwoyi. Hanyar tana da sauri ƙwarai, shi ya sa ake son ta, domin tsara inji ɗaya yana bukatar dubban kwaikwayo. Amma mai karatu ya lura da abin da aka ɗauka ba tare da hujja ba: an ɗauka cewa kowace gunduwa ba ruwanta da maƙwabciyarta, kuma fiffike mai juyawa halinsa ɗaya da wanda ke tsaye.

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu da akan gwama. Akwai binciken lissafi, watau a tabbatar manhaja tana warware ƙa'idojin da aka ba ta ba tare da kuskure ba. Wannan akan yi shi ta kwatanta manhaja da manhaja. Akwai kuma gwajin zahiri, watau a tabbatar ƙa'idojin su kansu sun dace da abin da iska ke yi. Manhaja 10 suna iya haɗa baki a kan amsa ɗaya, amsar kuma ta zama ba daidai ba, in dai daga rijiya ɗaya suka sha.

Gwajin Ames na shekarar 2000

Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na cibiyar NREL da ke jihar Kolorado ta Amurka suka yi ta auna wani ƙaramin inji a fili. Sun tara bayanai masu yawa, amma duk lokacin da lissafi ya saɓa da awo sai gardama ta tashi, domin iskar fili ba ta da tsayayyen hali. Mai lissafi yana iya cewa laifin iska ne, ba wanda ya san ainihin abin da ya bugi fiffiken a wannan daƙiƙa, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Don a toshe wannan kafa sai aka ɗauki injin aka kai shi cibiyar Ames ta hukumar NASA a Kalifoniya, inda ake da wani makeken zauren gwajin iska mai faɗin mita 36.6 da tsayin mita 24.4, wanda aka gina don gwada jiragen sama. A cikin wannan zaure manyan fankoki ne ke jawo iska, ta zo sumul, da gudun da aka ga dama.

Injin da aka gwada yana da fikafikai 2, faɗin fankarsa mita 10 ne, yana juyi 72 a minti ɗaya. A jikin fiffike ɗaya an huda ƙananan ramuka a wurare 5 tsakanin gindi da tsini, kowane rami yana auna matsin iska a daidai inda yake. An kuma sa ma'aunai a gindin fiffike da kan sandar juyi don auna lanƙwasa da murɗa. An yi gwaji fiye da 1,700.

Abin da ya sa wannan gwaji ya yi suna shi ne dabarar da aka yi bayansa. Aka ɓoye sakamakon, aka gayyaci masana kimanin 30 daga cibiyoyi 18 na Turai da Amurka, aka ba su siffar injin da gudun iskar, aka ce kowa ya lissafo abin da yake jin an auna. Sai da amsoshi suka taru sa'an nan aka buɗe awon. Wannan shi ake kira gwajin rufe-ido, kuma ranar wanka ce, ba a ɓoye cibi. Rahoton da aka fitar a 2001 ya nuna cewa ko a yanayi mafi sauƙi, inda iska ke da matsakaicin gudu kuma take fuskantar fankar kai tsaye, hasashen ƙarfin injin ya kama daga kashi 25 har zuwa kashi 175 cikin 100 na abin da aka auna. Watau wani ya lissafo rubu'in gaskiya, wani kuma ya kusa ninka ta. Hasashen lanƙwasar fiffike ya ɗan fi kyau, daga kashi 85 zuwa 150. Da iska ta yi ƙarfi kuwa, sai hasashen ƙarfin ya watse daga kashi 30 zuwa 275.

Me ya kawo haka? Babban dalili shi ne abin da za mu kira ɓallewar iska. Muddin kusurwar da iska ke bugun fiffike ƙarama ce, iskar tana manne da bayansa tana bin lanƙwasarsa, ƙarfin ɗagawa yana ƙaruwa. Da kusurwar ta wuce wani haddi, kusan digiri 15 ga yawancin siffofi, sai iskar ta saki bayan fiffiken ta hargitse, ɗagawa ta faɗi, turjiya ta hau. Injin Ames yana cikin irin waɗanda aka tsara da gangan don wannan ɓallewa ta zama birkinsu a lokacin babbar iska. Matsalar ita ce fiffike mai juyawa ba ya ɓallewa a inda jadawali ya ce. Tun 1945 wani mai bincike a Jamus, Himmelskamp, ya lura cewa kusa da gindin farfela mai juyawa iska tana daɗewa a manne, ɗagawa kuma tana zarce ta fiffiken da ke tsaye, saboda juyin yana tura iskar da ta rage gudu zuwa wajen tsini. Ramukan da aka huda a fiffiken Ames sun nuna wannan ƙuru-ƙuru. Masu lissafi sun san da batun, kowa kuma yana da gyaran da yake yi wa jadawalinsa, amma gyare-gyaren ba su zama ɗaya ba. Daɗin daɗawa, siffar fiffiken, wadda ake kira S809, an gwada ta a zauruka dabam-dabam, jadawalan da aka samo kuma ba su yi daidai da juna ba a wajen ɓallewa. Saboda haka wani kaso na saɓanin daga hannun mai amfani da manhaja ya fito, daga jadawalin da ya zaɓa da gyaran da ya yi masa.

Akwai wani darasi a nan da ya fi alƙaluman kansu muhimmanci a ganina. Lissafi yana iya faɗawa daidai a jimla alhali kuwa ya kuskure a kowane ɓangare, in ya zuzuta ƙarfi a gindin fiffike ya raina shi a tsini, kuskure ya cinye kuskure. Wanda ya auna wutar da janareto ya bayar kaɗai zai tafa wa wannan lissafi, ya ɗauke shi ya tsara wani inji da shi, a can ne asiri zai tonu. Amfanin ramukan nan 5 ke nan, sun hana a ci jarrabawa da sa'a.

Lissafin da ya fi kusantar awo a wannan gwaji shi ne na manhajar EllipSys3D, wanda Niels Sørensen na cibiyar Risø ta Denmak ya gabatar. Ita ba ta dogara ga jadawali ba, tana raba sararin da ke kewaye da fiffike ne zuwa miliyoyin ƙananan ɗakuna ta warware motsin iska a kowane ɗaya. Sai dai tsadarta wajen lokacin kwamfuta ta hana a yi aikin yau da kullum da ita. Abin da aka koma yi shi ne amfani da irinta, tare da awon Ames, wajen gyara hanya mai sauri.

Ma'auni ma yakan kuskure

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk inda aka sami saɓani lissafi ne mai laifi. A shekarar 2006 ƙasashen Turai sun yi nasu gwajin mai suna MEXICO, sunan da ba shi da alaƙa da ƙasar Meziko, a wani zauren iska da ke Holan. Fankar tana da fikafikai 3 da faɗin mita 4.5, kuma ban da matsin da ke kan fiffike an auna gudun iskar da ke gaba da bayan fankar ta hanyar haska ƙananan ɓurɓushi da hasken leza ana ɗaukar hotonsu. Shekara da shekaru manhajoji suna ba da nauyin da ya fi wanda aka auna, kuma awon nauyin da awon gudun iskar sun ƙi jituwa da juna. Da aka sake gwajin a 2014, aka sake daidaita ma'aunai, har da na gudun iskar zauren kansa, sai saɓanin ya ragu ƙwarai. Da an yi garajen lanƙwasa manhajoji don su bi awon farko, da an koya musu kuskure.

In haka ta faru a zaure, to, ina ga fili? A fili akan kafa wata siririyar hasumiya a gaban inji, nisan faɗin fanka 2 zuwa 4, a ɗora mata ma'aunin iska mai kofuna a daidai tsayin cibiyar fankar. Ana ɗaukar matsakaicin gudun iska da na wuta a kowane minti 10, a kasa su rukuni-rukuni bisa tazarar rabin mita a daƙiƙa, a zana layin da ke nuna wutar da inji ke bayarwa a kowane gudu. Tun da gudun ana buga shi sau 3, kuskuren kashi 3 cikin 100 a ma'aunin iska yana zama kusan kashi 9 a ƙarfi. Ban da haka, ma'aunin yana ganin ɗigo ɗaya ne tak a sararin sama, alhali fankar zamani tana share filin da ya fi filin ƙwallo, iskar da ke samanta kuma ta fi ta ƙasanta gudu. Wannan ne ya sa aka shigo da na'urar lida, wadda ke harba hasken leza ta auna gudun iska a tsayi dabam-dabam. Don haka awon kirki ba ya zuwa da lamba ɗaya, sai tare da faɗin shakkar da ke kewaye da ita, kuma ba a cewa lissafi ya faɗi sai ya fita daga wannan faɗi.

Wani lokaci kuma lissafi da ma'auni duk suna da gaskiya, injin ne ya sake. An daɗe ana mamakin wasu injuna a Kalifoniya da ke ba da wuta mataki biyu ko fiye a gudun iska ɗaya, wani lokaci har rabi ya ɓace. A 2001 Corten da Veldkamp suka bayyana a mujallar Nature cewa ƙwari ne. Suna tashi lokacin da iska ta lafa, su manne a goshin fiffike, kaushin da suka bari ya sa iska ta ɓalle da wuri idan ta yi ƙarfi. A cikin kwamfuta kuwa fiffike kullum sumul yake kamar ranar da ya fito daga masana'anta.

Inji a bayan inji

Injin da ke gaba yana barin inuwa a bayansa, watau iska mai rauni da hargitsi, wadda na baya zai sha. Wurin da aka fi gwada lissafin wannan inuwa shi ne gonar Horns Rev da ke cikin teku a yammacin Denmak, wadda aka gina a 2002 da injuna 80 ƙirar Vestas, kowane mai megawat 2, tazarar mita 560 a tsakaninsu. Idan iska ta biyo layi sak da matsakaicin gudu, inji na biyu yakan rasa kusan kashi 40 cikin 100 na wutar na farko. Lissafin inuwa mafi shahara shi ne mai sauƙin nan da N. O. Jensen ya fitar a Risø a 1983. Shi da wasu sun yi daidai da awo in an duba iskar da ta zo daga faffadar kusurwa, amma in an ƙuntata kusurwar sai su nuna asarar da ta fi ta zahiri. Wani nazari da Gaumond da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya nuna cewa yawancin wannan saɓani daga rashin tabbacin alƙiblar iska yake. A kwamfuta iska tana tsayawa a digiri 270 cur, a teku kuwa tana kai da komo cikin mintin nan 10, kuma alƙiblar da aka auna a gefe ɗaya na gona ba lalle ta zama ta ɗaya gefen ba. Da aka sa wannan kai-komo cikin lissafi sai tazarar ta ƙuntata.

Batun ba na masana kaɗai ba ne. A watan Oktoba na 2019 kamfanin Ørsted na Denmak, wanda ke cikin manyan masu gina gonakin iska a teku, ya sanar cewa lissafinsa ya raina asarar inuwa da kuma yadda gona gaba ɗayanta ke rage gudun iskar da ke tunkaro ta, ya rage hasashen wutarsa da na ribarsa.

Iyakar gwaji

Akwai tarkon da ya kamata ɗalibi ya sani. Idan an yi amfani da wani awo an gyara manhaja har ta dace da shi, to wannan awo ya tashi daga zama shaida, kamar ɗalibin da aka nuna wa tambayoyi kafin jarrabawa. Awon Ames ya shiga wannan hali, domin gyare-gyare da yawa a kansa aka ɗinka su, dacewarsu da shi a yau ba ta da nauyin da take da shi a 2000. Dole kullum a nemo sabon awo da manhaja ba ta taɓa gani ba. Wannan ne ya sa jerin ayyukan haɗin gwiwa na Hukumar Makamashi ta Duniya a kan injunan teku, waɗanda suka fara da kwatanta manhaja da manhaja a ƙarƙashin sunan OC3, suka koma kwatantawa da awo a OC5. A nan ne aka gwada ƙaramin samfurin inji mai shawagi a kan ruwa, kashi 1 cikin 50 na girman gaske, a wani tafkin gwaji a Holan, aka ga manhajoji suna raina jinkirtaccen lilon da igiyar ruwa ke sa shi, abin da kwatanta su da junansu bai taɓa tonawa ba.

Gwaji kuma yana da iyakar wuri da girma. Layin wutar da kamfani ke bugawa an yi shi ne bisa iska mai nauyin kilogiram 1.225 a kowace mita kubik, watau iskar bakin teku a zafin digiri 15. A Lambar Rimi ta jihar Katsina, inda aka kafa injuna 37 masu kilowat 275 kowane, ƙasar ta ɗaga kimanin mita 500 daga teku, kuma a bazara zafi yakan kai digiri 40. Nauyin iska a wannan hali bai fi kilogiram 1.06 ba, ragin kusan kashi 13 cikin 100 ke nan, wutar kuma haka za ta ragu a gudu ɗaya. Wannan gyara ne mai sauƙi, ƙa'idar awo ma ta tanade shi. Wanda ba shi da sauƙi shi ne ƙurar hunturu, wadda ke yi wa goshin fiffike irin abin da ƙwari suka yi a Kalifoniya, kuma awon Tekun Arewa ba zai faɗi yawansa ba, sai an auna a nan.

Ta fuskar girma kuwa, fankar Ames mita 10 ce, fikafikanta kuma masu tauri ne. Injin Vestas V236 faɗin fankarsa mita 236 ne, kowane fiffike ya haura mita 115, yana lanƙwasa yana murɗewa ƙarƙashin iska, murɗewar kuma tana sake kusurwar da iska ke bugunsa, ita kuma kusurwar ta sake nauyin da ya kawo murɗewar. Babu zauren iska a duniya da zai ɗauki ko da fiffike ɗaya na wannan inji yana juyawa. Masu gwaji sun koma fili ke nan, da lida da ma'aunan lanƙwasa da aka binne cikin fiffike, zuwa ga iskar nan marar tsayayyen hali wadda saboda ita aka gudu zuwa Ames tun farko.